Ina Takin Ya Shiga?

Manoman alkama a yankin Eyre da ke Kudancin Ostareliya sun daɗe cikin wani ruɗani. Kowace shekara sai su zuba takin fosfaras na ƙwaya tare da iri, a auna ƙasa a ga fosfaras na nan jibge, amma alkama ta fito kamar ba ta taɓa ganin taki ba. Ƙasar wurin alli ya yi mata yawa, ruwan sama kuwa bai cika wuce milimita 350 a shekara ba.

A ƙarshen shekarun 1990 Bob Holloway da abokan aikinsa a cibiyar noma ta Minnipa suka gwada zuba takin a narke. Layin da ya sha na ruwa ya bar na ƙwaya a baya, alhali awon fosfaras ɗaya ne.

Zargin farko ya faɗa kan ruwan da ke cikin takin, tunda ƙasar ƙishirwa take. Lissafi ya wanke shi: lita 100 a hekta guda kashi ɗaya ne cikin ɗari na milimita ɗaya ta ruwan sama, ko raɓa ta fi shi. To ko sinadarin ne daban? Aka narkar da irin sinadarin da ke cikin ƙwayar, na ruwan ya sake yin gaba.

Sai da masu bincike Enzo Lombi da Mike McLaughlin suka duba ƙasar da ke kewaye da ƙwaya guda, milimita bayan milimita, sannan asiri ya tonu. Ƙwayar taki tana janyo danshi zuwa kanta, danshin kuma yana tahowa da kalsiyam na allin. Kafin fosfaras ya fita, kalsiyam ya tare shi a bakin ƙofa, su daskare tare, saiwa ba ta iya sha. Na ruwa ba ya janyo komai, bazuwa yake yi.

Daga nan aiki ya koma hannun maƙera, kuma a ganina nasu ya fi wuya. Tanki a bayan injin shuka, famfo mai bin gudun tarakta, siririn tiyo zuwa kowane haƙorin garma. Dole takin ya zuba kamar zare, ba ɗis-ɗis ba, ya kuma sauka ƙarƙashin iri don kada ya ƙone tsiro. Wani takin yana cin ƙarfe, sai roba da ƙarfen da ba ya tsatsa. Bakin tiyon kuwa ɗan mitsitsi ne, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe shi, manomi bai sani ba sai bayan makonni, ya ga layi guda ya yi rawaya daga wannan kan gona zuwa wancan.