Gudu a Dogon Hutu: Kwana Biyu a Mako Sun Isa

Dogon hutun makarantu a arewacin Najeriya yakan faɗo ne daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba, wato a tsakiyar damina. Ɗalibin da ya saba a tashe shi da ƙararrawa ya zagaya fili kafin karin kumallo sai ya koma gida, babu malamin wasanni, babu abokan gudu, ga ruwan sama da asuba, ga gona tana jira. Da yawa sukan ajiye takalmin gudu su ce sai an koma. Idan aka koma kuwa, zagaye biyu sai haki ya kama su, su yi ta mamakin inda ƙarfinsu ya tafi.

Abin da ke fara tafiya shi ne jini. Mai gudu a kai a kai yana da ruwan jini fiye da na mai zaman kawai, don haka duk bugun da zuciyarsa ta yi tana tura jini mai yawa zuwa tsoka. Da ya daina, jiki kan zubar da wannan rarar cikin 'yan kwanaki. Edward Coyle da abokan aikinsa a Amurka sun auna wannan a kan ƙwararrun 'yan wasa da suka dakatar da atisaye. A rahoton da suka fitar a 1984, iyakar iskar oksijin da jikinsu ke iya sarrafawa ta ragu da kashi 7 cikin 100 a makonni uku na farko, ta kai wajen kashi 16 bayan makonni takwas. Dogon hutunmu kuwa makonni shida ne zuwa takwas, kusan daidai wa daida.

Amma akwai wani binciken da na fi so matasanmu su sani, na Robert Hickson, shi ma a Amurka. Ya sa mutane atisaye mai tsanani na minti 40, kwana shida a mako, har makonni goma. Daga nan ya rage wa wasu zuwa kwana huɗu, wasu zuwa kwana biyu kacal. Bayan makonni 15, ƙarfin numfashinsu yana nan inda yake. Da ya sake gwajin ta wata fuska, ya bar yawan kwanakin amma ya sassauta tsananin aikin, sai ƙarfin ya zube. Ashe jiki ya fi kula da yadda aka matsa masa fiye da sau nawa aka fita.

Ma'anar wannan ga yaron da ke Zariya ko Katsina mai sauƙi ce. Ba sai ya fita kullum ba. Ya zaɓi safiya biyu ko uku a mako, bayan sallar asuba, ya fara da sassarfa har jiki ya yi ɗumi, sannan ya ƙara wuta na minti uku ko huɗu har magana ta yi masa wuya, ya sassauta, ya sake. Rabin awa a haka ya fi doguwar sassarfar da ake yi ana hira. Idan hadari ya hana yau, gobe tana nan.

Wani zai ce ai noma ma motsa jiki ne. Gaskiya ne, wanda ya yini yana noma da fartanya ya wuce minti 60 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu kowace rana. Sai dai noma yana gina baya da damtse ne, ba ya ɗaga bugun zuciya ya riƙe shi sama yadda gudu ke yi. Mai shirin shiga aikin soja, inda gudu ke cikin tantancewa, kada ya dogara da gona kaɗai.

Damina tana da nata sharuɗɗa. Iska cike take da laima, gumi ba ya bushewa da wuri, kuma bushewar gumi ce ke sanyaya jiki. Shi ya sa gudun safiyar Agusta kan gajiyar da mutum fiye da na hunturu, ko da rana ba ta fito ba. A sha ruwa kafin a fita. A guji fili buɗaɗɗe idan ana walƙiya. Abin da ya fi damuna shi ne zazzaɓin cizon sauro, wanda wannan ne lokacinsa. Yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, su ne kuwa masu ɗaukar oksijin. Wanda ya tashi daga zazzaɓi ya gama shan maganinsa, ya fara da tafiya, kada ya ce zai rama kwanakin da ya rasa a mako guda.

'Yan mata su ne hutun ya fi cuta, domin a makaranta kaɗai yawancinsu ke samun fili. Iyaye za su iya gyara wannan ba tare da kowa ya fita titi ba. Tsallen igiya a tsakar gida, minti ɗaya ana yi minti ɗaya ana hutu, sau goma ko sha biyar, yana kai zuciya inda gudu ke kai ta, igiyar shanya ma ta wadatar.