BAƘO RAƁA NE: ƳAN SA KAI DA YARAN GIDAJEN MISHAN NA KALKUTA

Kowace shekara samari da ƴan mata, har da dattawan da suka aje aiki, sukan baro ƙasashensu, kamar Sifen da Italiya da Japan da Koriya, su nufi birnin Kalkuta na ƙasar Indiya domin aikin sa kai. Ba su karɓar albashi, su ne ma suke biyan kuɗin jirgi da na masauki daga aljihunsu. Abin da ke kai su shi ne gidajen da Uwa Tereza ta kafa saboda marasa galihu.

An haifi wannan mata a Skopje cikin shekara ta 1910. Ta isa Indiya a 1929, ta daɗe tana koyarwa a wata lakwal ta ƴan mata, sa'an nan a 1950 ta kafa ƙungiyar Missionaries of Charity, wato mata masu zaman zuhudu da suka ba da rayuwarsu ga hidimar talakawa. A 1955 ta buɗe Shishu Bhavan, ma'ana gidan yara, inda ake karɓar jarirai da ƙanana waɗanda aka yasar. Ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1979, ta rasu a 1997. Akwai kuma gidan Daya Dan, wanda aka keɓe wa yara masu naƙasa: makafi, da waɗanda lahanin ƙwaƙwalwa ya shanye wa gaɓoɓi, da waɗanda ba su iya magana.

Aikin da ɗan sa kai yake tararwa can aikin hannu ne. Da safe a wanke tufafi da zannuwan gado, a hau da su bisa soro a shanya. A yi wa yara wanka, a sa musu kaya. A zauna a ba yaro abinci cokali bayan cokali, domin wanda haɗiya ke yi wa wuya ba a yi masa gaggawa. A miƙe masa hannuwa da ƙafafu don kada su ƙage, a yi masa waƙa, a fita da shi ya sha iska. Duk wanda ya haƙura da wannan ya cancanci yabo.

Amma fa akwai tambayar da ya kamata a yi: mene ne rabon yaro a cikin wannan zuwa da komawa? Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Yawancin ƴan sa kai kwanaki ko makonni kaɗan suke yi. Yaron da uwarsa ta riga ta bari ya saba da wata fuska, ya fara miƙa mata hannu, sai ta tafi, wata ta zo. Maziyarta sukan ji daɗi idan yaro ya rugo ya rungumi kowane baƙo, alhali masana halayen yara suna ɗaukar wannan ɗabi'a alamar cewa ba shi da mutum guda da ya dogara gare shi.

An samu hujja a kan haka daga ƙasar Romaniya. Bayan faɗuwar mulkin Ceausescu a 1989, duniya ta ga yara fiye da 100,000 a gidajen reno na gwamnati. Daga baya masana uku na Amurka, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka bi diddigin yara 136 na irin waɗannan gidaje a birnin Bukares. An kai rabinsu riƙo cikin iyalai, sauran suka ci gaba da zama inda suke. Sakamakon da aka bayyana a 2007 ya nuna cewa waɗanda aka kai riƙo sun fi sauran kaifin fahimta, musamman waɗanda aka ɗauke kafin su cika shekara 2.

Abu na biyu, yawancin waɗanda ake kira marayu ba marayu ba ne. Ƙungiyar Save the Children ta ƙiyasta a 2009 cewa aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke gidajen reno a duniya suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ke raba su da gida, ko naƙasar da iyaye ba su da halin ɗaukar nauyinta. A wasu ƙasashe kuwa, irin su Kambodiya da Nepal, an samu mazambata da suke tara yara domin jawo kuɗin baƙi. Saboda haka ƙasar Ostireliya ta sa irin wannan fatauci cikin nau'o'in bautar zamani a 2018, kuma a watan Disamba na 2019 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi kira ga ƙasashe su magance illar da aikin sa kai a gidajen marayu ke iya jawowa.

Adalci ne a bambanta waɗannan mazambata da matan mishan na Kalkuta, waɗanda suke kwana suna tashi da yaran shekara da shekaru. Kuma akwai yaro mai naƙasa mai tsanani wanda har ya girma babu iyalin da zai zo ɗaukarsa. Irinsa dole a samu hannun da zai ciyar da shi yau.

Don haka mai niyyar tafiya ya auna abu uku. Na farko, ya je da sana'ar da ake bukata, kamar jinya ko gashin ƙashi ko koyar da makafi da kurame, ya koya wa ma'aikatan wurin, domin su ne za su saura. Na biyu, idan zamansa gajere ne, ya kama wanki da shara da girki, ya bar reno ga waɗanda yaron ya sani. Na uku, ya tambaya ko gidan yana neman dangin yara, yana kuma tallafa wa iyaye su riƙe ƴaƴansu. Ƙasar Ruwanda ta ɗauki wannan hanya tun 2012, ta shiga mayar da yaran gidajen marayu cikin iyalai.

Kuɗin jirgin mutum guda daga Turai zuwa Indiya yana iya sayen keken guragu, ya kuma taimaki uwar da ke gab da yasar da ɗanta don rashin ƙarfi. Wanda ya tashi taimakon yaro, to ya fara tambayar wa zai zauna tare da shi bayan baƙi sun koma gida.