Albasa Ba Ta Yi Halin Ruwa Ba: Sirrin Ganyen da Ba Ya Jiƙewa

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa fadama a watan Agusta, a bayan garin Gusau ne ko a Bunguɗu inda Kogin Sakkwato ya ratsa, ya ga abin nan ko da bai tsaya ya yi masa tunani ba. An kwana ana ruwa, ƙasa ta yi sharkaf, ƙafar wandonka ta jiƙe da raɓar ciyawa, amma ga ganyen gwaza can a buɗe kamar faifai, busasshe ƙayau. Ɗan ruwan da ya rage a tsakiyarsa ya dunƙule yana ƙyalli kamar azurfa. Kana taɓa ganyen sai ya gangara ya faɗi, ko alamar danshi bai bari ba. Shi ya sa yara ke tsinko shi su yi lema idan ruwa ya tare su a hanya.

Ba gwaza kaɗai ke da wannan hali ba. Ganyen shinkafa haka yake, da na kabeji, da na kainuwa dashen Allah da ke yawo a kan tafki. Hausawa kan ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, suna nufin ɗan da bai gado iyayensa ba. Mai lambu kuwa ya san maganar har da zahirinta: albasar da ya raina da ban ruwa safe da yamma, ganyenta ba ya yarda ruwa ya zauna masa.

Kafin a tuhumi ganye, sai a fara sanin halin ruwan kansa. Ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama ruwa suna da son juna ƙwarai, kullum suna jan junansu. Idan ɗigo ya faɗa kan abin da shi ma yake jan su, kamar gilashi mai tsabta ko sabuwar tukunyar ƙasa, sai ya baje. Idan kuwa ya faɗa kan maiƙo ko kaki, ba abin da ke jan sa waje, sai ya tattare jikinsa ya dunƙule. To, fatar ganye tana da rufin kaki. Farin garin nan da ke maƙale wa mutum a hannu idan ya kama karan dawa ko ya shafa ganyen kabeji, ba ƙura ba ce, kakin ne tsiron ya fitar da kansa.

Sai dai kaki shi kaɗai bai isa ba. Masana suna auna ƙin ruwa da kusurwar da ɗigo ke yi a inda ya haɗu da abin da yake kai. Idan ba ta kai digiri 90 ba, abin yana jiƙewa. Kaki mai santsi yakan wuce digiri 100 da kaɗan ya tsaya. Amma ganye irin na gwaza yakan kai wajen 150, wato ɗigon ya kusan zama ƙwallo sosai. Ina ragowar ta fito?

Amsar ta saɓa wa abin da hankali zai fara kawowa: ganyen ba santsi gare shi ba, kaushi gare shi. Wani masanin tsirrai Bajamushe, Wilhelm Barthlott, ya fara lura da haka tun cikin shekarun 1970, lokacin da yake duba fatar ganyaye da na'urar da ke ƙara girman abu sau dubbai. Ya ga cewa wasu ganyayen sai an wanke su kafin a duba, wasu kuwa kullum tas suke, kuma masu tsabtar su ne masu kaushi. A 1997 shi da abokin aikinsa Christoph Neinhuis, a Jami'ar Bon, suka buga bayanin abin, suka raɗa masa sunan furen lotus na ƙasashen Asiya, wanda ke tsirowa cikin taɓo amma ganyensa ba ya ɗaukar datti. A kula, lotus ɗin nan ba shi ne badon tafkunanmu ba; sun yi kama, amma dangi daban ne, kuma ganyen bado bai kai shi ƙin ruwa ba.

Abin da na'urar ta nuna shi ne ƙananan tuddai birjik a fuskar ganyen lotus, kowanne tsawonsa bai wuce maikuromita 10 zuwa 20 ba, wato bai kai kaurin silin gashi ba. Kowane tudu kuma yana lulluɓe da wasu tsinkayen kaki da suka fi shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Idan ɗigo ya sauka, a kan tsinin tuddan nan yake zama, ba ya iya kutsawa cikin kwarurukan da ke tsakaninsu. Ɗora faifai a kan yatsunka biyar: faifan yana zaune, amma galibin abin da ke ƙarƙashinsa iska ce. Haka ɗigon yake. Tun 1944 wasu masu binciken ulu a Ingila, Cassie da Baxter, suka fitar da lissafin wannan zama na ruwa a kan iska. Kana iya ganin iskar da idonka: tsoma ganyen gwaza ko kainuwa cikin bokiti, za ka ga ya yi fari fat kamar an shafe shi da dalma, ka ciro shi a bushe. Ita kainuwa da gashi take riƙe tata iskar. A ganyen shinkafa kuwa tuddan a jere suke bisa tsawon ganyen, shi ya sa raɓa ke bin layi ta sauka maimakon ta ratsa gefe.

Me tsiro ya ƙaru da shi? Na farko, wanka. Ƙurar da ta sauka a ganyen ita ma a kan tsini take, ba ta kama da kyau ba. Ɗigo na mirginowa sai ya kwashe ta, kamar yadda curin fura ke ɗaukar gari idan ana juya shi a ƙwarya. Ganye mai tsabta ya fi samun hasken rana. Na biyu, lafiya: yawancin ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da ganye suna buƙatar danshi kafin su tsiro. Amma kowane sulke yana da kafa. A 2009 cutar ƙunar ganyen gwaza ta ɓulla a Nijeriya ta yi wa manoma ɓarna, duk da wannan kariya.

Masana'antu sun kwaikwayi dabarar. A 1999 aka fito da fentin bango mai suna Lotusan a Jamus, wanda ruwan sama ke wanke masa datti, daga baya aka samu yadudduka da gilasai masu irin halin. Matsalarsu ɗaya: idan suka goge sun goge, alhali tsiro mai rai yana iya sake fitar da kakinsa.

Inda maganar ta fi shafar mu a Zamfara, jihar da ke taƙama da noma, shi ne wajen feshi. Ganye bai san bambancin ruwan sama da maganin ƙwari ba. Manomi a Tsafe zai sayi magani da tsada, ya goya famfon feshi ya bi kunyar albasa ko kabeji, kaso mai yawa ya gangare ƙasa. Kwana biyu tsutsa na nan, sai ya ce maganin jabu ne, ya ninka awo. Kuɗi sun tafi, abin da ya zuba kuma ruwa na iya kwasarsa zuwa rafin da mutane da dabbobi ke sha. Don haka ne ake haɗa wasu magungunan da sinadarin da ke karya dunƙulewar ruwa, ya sa ɗigo ya baje ya kama ganye. Aikin da sabulu ke yi ke nan, amma zuba garin wanki da ka yana iya cinye kakin ya ƙona ganyen. Gara a karanta takardar jikin kwalba, a tambayi malamin gona, a daidaita bakin famfo, a kuma guji feshi cikin iska ko lokacin da raɓa ta yi wa ganye nauyi.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Kafin ka haɗa magani, ɗiga ruwa a kan ganyen da za ka fesa. Idan ya baje, to madalla. Idan ya dunƙule ya gudu, ganyen ya riga ya gaya maka inda kuɗinka za su bi. Sa'annan ka murza wurin da babban yatsa ka sake ɗigawa: za ka ga ruwan ya tsaya ya manne, domin ka rushe tuddan da idonka bai taɓa gani ba. Gani ya kori ji.