Ma'aunin Ƙeƙashewar Zuciya: An Yanka Wa Maza, Ana Gwada Wa 'Yan Mata

A ƙasashen Kanada da Amurka, idan aka tsare yarinya bisa laifi mai nauyi, kotu ta kan nemi masanin halayyar ɗan Adam ya bincika ko tana da alamun ƙeƙashewar zuciya, watau halin nan na wanda ba ya tausayi, ba ya nadama, ga zaƙin baki da ƙarya, wanda Turawa ke kira saikofat. Rahoton da masanin ya rubuta yana iya rinjayar alƙali wajen yanke ko a kai ta gidan gyaran hali, ko kuwa a ɗauke ta a kan wadda ba ta gyaruwa.

Asalin ma'aunin kuwa daga wani shehun malami ne na Kanada, Robert Hare, wanda ya fitar da shi a 1980, ya sake gyara shi a 1991. Halaye 20 a ke dubawa, a ba kowane ɗaya maki 0, ko 1, ko 2, bayan an yi doguwar hira da mai laifin an kuma karanta takardun tarihinsa. Ƙololuwa maki 40 ne, a Amurka kuma babban da ya kai 30 shi a kan ce ya cika. A 2003 Adelle Forth da David Kosson da shi Hare suka fitar da na matasa 'yan shekara 12 zuwa 18.

To, inda gizo ke saƙa shi ne, a kan fursunoni maza aka gina ma'aunin tun fil'azal, 'yan mata kuwa kaɗan ne a gidajen tsare yara. A 2007 John Edens da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a wurare dabam-dabam, suka tarar ma'aunin ya kan nuna yaron da zai koma aikata laifi gwargwado, amma a wajen 'yan mata ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba.

Kafin nan, a 2005, Candice Odgers da abokan aikinta sun bi 'yan matan da a ke tsare da su a Amurka. Makin bai nuna wadda za ta sake laifi ba. Abin da ya nuna shi ne irin azabar da aka gana wa yarinya tun tana ƙarama. Wannan kuwa abin a tsaya a kai ne. Yarinyar da ta tashi cikin duka da fyaɗe ta kan koyi daure fuska, ta daina kuka gaban kowa, ta yi ƙarya don ta tsira. Mai hira da ita ya ga ido ƙamas, sai ya rubuta rashin tausayi. Har cikin halayen da a ke ba maki akwai mu'amala da maza ba tare da shaƙuwa ba, alhali sau da yawa ba ita ta zaɓa ba.

Sa'an nan ga ƙuruciya kanta. Gaggawa da son kasada da rashin tunanin gobe duk suna cikin ma'aunin, kuma da wuya a sami 'yar shekara 15 wadda ba ta taɓa ɗaya daga cikinsu ba. Don haka ne ma likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ba su yarda a laƙaba wa kowa ciwon halin ƙin jama'a kafin ya cika shekara 18 ba. A littafinsu na 2013 abin da suka amince kawai shi ne, a rubuta cewa yaro mai kangara yana da ƙarancin tausayi da nadama, shi ma sai an ga halin ya kai wata 12, a wurare da yawa, an kuma ji daga bakin waɗanda suka daɗe da sanin yaron, kamar iyaye da malamai.