LEDA: KYAUTA A KANTI, DA KUƊI A KASUWA

Daga Wakilinmu a Keffi

Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin sababbin kantunan nan da suka tsiro a gefen babbar hanyar da ta taso daga Abuja zuwa Keffi, watau irin kantunan da mutum kan ɗauki kwando ya zaga ya zaɓi abin da yake so da hannunsa sa'an nan ya je ya biya a bakin ƙofa, zai tarar da wata al'ada wadda ta zama jiki har ba mai lura da ita. In ka sayi sabulu guda, a sa maka a leda. In ka haɗa da burodi, wanda da ma yana cikin tasa ledar, a ƙara masa wata don kada ya ɗauki ƙanshin sabulu. In kayan sun ɗan yi nauyi a ninka leda biyu. Ba mai tambayarka ko kana so, ba kuma mai cewa ka ba da ko kwabo. Ran nan na shiga na sayi abu biyar, na fito da leda huɗu.

Daga nan na gangara babbar kasuwar garin, can kuwa sai na iske abin ya juye. Mai tumatir zai ƙulla miki kayan miyarki a 'yar ƙaramar farar leda, amma babbar wadda za ta ɗauke cefanen gaba ɗaya sai kin saya wurin yaran nan masu yawo da ita a kafaɗa suna bin mutane lungu-lungu. Ashe ke nan ma'aikacin da ya zo da mota ya sayi madarar gwangwani ana ba shi leda kyauta har da ƙari, ita kuwa matar da ta ƙirga kuɗin cefanenta tun daga gida ita ce mai biya. Wannan bambanci shi ya sa na bi diddigin yadda sauran ƙasashe suke yi da jakar cefane, na kuma gane cewa abin da ya raba su da mu tambaya ɗaya ce tak: wane ne ke biyan kuɗin ledar, kuma a ina?

KAFIN ZUWAN LEDA

Keffi ba sabon gari ba ne. Tun wajen shekarar 1800 Abdu Zanga ya kafa shi, fatake kuma suka yi ta yada zango a cikinsa, aka yi shekaru fiye da ɗari da hamsin ana cin kasuwa ba a san wani abu wai shi leda ba. Mace ta fito da ƙwaryarta ko kwandonta, namiji ya rataya sanho. Mai son man gyaɗa ko manja ya zo da kwalbarsa daga gida, mai son fura ya zo da ƙoƙonsa. Goro a ganye yake, alala ma a ganye ko a gwangwani. Tsire kuwa a takardar siminti ko a tsohuwar jarida, har irin wannan da mai karatu ke riƙe da ita, ba ma jin haushi. Abin lura a nan shi ne, a wancan zamani mai saye ne ke zuwa da mazubi, kuma duk abin da aka yar, in ba akuya ta cinye shi ba, gara ta cinye.

Ita jakar leda mai hannu biyu wani injiniya ne ɗan ƙasar Suwidin, Sten Gustaf Thulin, ya ƙago ta, kamfanin Celloplast ya yi mata rajista a 1965. A 2019 ɗansa ya shaida wa BBC cewa uban nasa bai yi ta don a yi amfani da ita sau ɗaya a yar ba, shi kansa kullum da guda a naɗe cikin aljihunsa. Amma arhar abin ta fi ƙarfin niyyar mai shi. A 1982 manyan kantunan Amurka biyu, Safeway da Kroger, suka rungume ta, kafin a ankara ta game duniya, har ta iso bakin Kogin Antau.

KOWACE ƘASA DA NATA SALON

A Amurka, a kantuna da yawa akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan ya tsaya ya jera maka kaya cikin jaka, a tambaye ka ta takarda kake so ko ta leda. Can kowace jiha da dokarta: mutanen Kalifoniya sun kaɗa ƙuri'ar hana leda a 2016, Jihar New York ta hana a 2020, wasu jihohin kuwa har yau kyauta ake bayarwa kamar a Keffi. A Jamus ba mai jera maka komai. Mai karɓar kuɗi tana turo kayan da sauri, kai ne za ka yi ta kwashewa kana zubawa cikin jakar yadin da ka zo da ita, in kuwa ka manta da ita a gida sai ka sayi wata. Tun farkon 2022 ma an hana siririyar ledar ɗaukar kaya baki ɗaya. Ƙasar Sin ta hana ba da leda kyauta tun 2008, Japan ta bi sahu a watan Yuli na 2020.

Amma ƙasar da ta fi cancanta a tsaya a kanta ita ce Ailan, maƙwabciyar Ingila. A watan Maris na 2002 gwamnatinta ta sa harajin santi 15 a kan kowace leda, ba ta hana ba, ba ta kama kowa ba. Hikimar tana cikin ƙa'idar da aka gindaya: ba a yarda mai kanti ya biya harajin a madadin mai saye ba, tilas ne a karɓa daga hannun mai saye, a kuma rubuta masa shi a jikin rasit ya gani da idonsa. Kuɗin da aka tara kuwa asusun kula da muhalli yake shiga. Cikin ɗan lokaci kaɗan amfani da leda ya ragu da wajen kashi 90 cikin 100. Da aka ga mutane sun fara sabawa da kuɗin, a 2007 sai aka mai da shi santi 22. Santi 15 ba ya talauta Bature. Abin da ya yi aiki shi ne an sa mutum ya tsaya ya amsa tambayar da mu ba a yi mana: kana bukata kuwa? Ingila ta kwaikwayi wannan a watan Oktoba na 2015 da peni 5, ta ninka zuwa peni 10 a 2021.

Waɗansu ƙasashen kuwa ba lallashi suka yi ba, don su wuya ce ta kai su bango. Bangaladash ta hana leda a 2002 bayan an gano ita ce ta toshe magudanan ruwa a lokacin manyan ambaliyar da suka auka wa ƙasar a 1988 da 1998. Muritaniya ta hana a 2013, babban dalilin da hukumominta suka bayar kuwa shi ne mutuwar shanu da tumaki masu cin ledar. Ruwanda ta kafa tata dokar a 2008, har baƙon da ya sauka filin jirgin saman Kigali akan karɓe ledar da ya zo da ita. Ta Kenya, wadda ta fara aiki ran 28 ga Agusta, 2017, ta fi kowace zafi: tarar da za ta iya kai shilin miliyan 4, ko ɗaurin da zai iya kai shekara 4.

Maƙwabtanmu ma sun taɓa. Birnin Injamena na Cadi, inda su ma "leda" suke ce mata, ya yi yaƙi da ita a 2010. Nijar da Kamaru duk sun hana a 2014. To, amma wanda ya san kasuwar Maraɗi ya san leda ba ta ƙaura ba. Doka tana takarda, iyaka tana da tsawo, masana'antun roba kuwa suna nan cike a Kano da Ikko. Watau rashin dokarmu ba mu kaɗai yake cuta ba.

A nan gida, Majalisar Wakilai ta zartar da shirin dokar hana leda a watan Mayu na 2019, da tarar Naira 500,000 ko ɗaurin shekara 3, amma bai zama doka ba. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba, a 2024 kuma ta hana amfani da robar da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatunta. Jihar Legas ce ta yi abin da ya taɓa mai cefane kai tsaye: ta hana mazubin abinci na soso a watan Janairu na 2024, daga 1 ga Yuli, 2025 kuma ta shiga tilasta hana siririyar leda, har manyan kantunan Ikko suka koma sayar wa mutane jaka mai ƙwari maimakon kyautar da aka saba.

WANDA KE BIYA A KEFFI

Mu komo gida. Ledar da aka ce kyauta ce, akwai mai biyan kuɗinta, sai dai ba a gaban mai kanti ake biya ba. Lambatu ne ke fara biya. Keffi gari ne mai samun ruwa sosai, damina kan kai wata shida ko fiye, kuma duk abin da aka yar a Tudun Ƙofa ko Sabon Gari ko Unguwar Lambu gangara yake nema. Leda ta haɗu da yashi da ledar fiya wata ta zama toshiya, ruwa ya rasa hanya ya hau titi, daga titi ya shiga zaure. Wanda ya kwanta kuwa ya zama gidan sauro. Ran tsabtace gari a yashe lambatu a tara a bakin hanya, in ba a kwashe da wuri ba ruwan dare ɗaya ya mai da shi inda ya fito. Abin da ya tsira duk Antau yake tafiya. In ruwa ya janye da rani sai ka ga ciyayin bakin kogin sun yi ado da baƙaƙen tsummoki kamar an shanya.

Na biyu dabba. Ina yaro mahaifiyata tana da wata jar akuya mai haihuwar tagwaye, wadda da kuɗin 'ya'yanta aka saya mini takalmin makaranta fiye da sau ɗaya. Sai ta fara ramewa alhali cikinta yana kumbura, ga dusa ga harawa ba ta ci. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka ba ta kanwa, a banza. Da aka ga za ta mutu aka yanka, mahauci ya buɗe tumbinta ya ciro wani dunƙulen leda da igiya wanda ya kusa kai girman kan yaro. Ledar da aka ƙulla gishiri ko manja ko ƙuli-ƙuli ƙanshin abinci take yi, dabba ta haɗiye, ba ta narkewa, ba ta fita, har ta cika wurin da abinci zai zauna. Kowane mahauci ya san wannan. Akuya kuwa ita ce bankin matar ƙauye da ta birni, ba a kuma rubuta wannan asara a rasit ɗin kowa.

Sai manomin da ya kwashi takin bola ya kai gona ya tarar rabinsa leda ne, da mai hura gawayi da leda yana shaƙar hayaƙin, da mai sayen koko da zafinsa a ƙulle cikin leda. Waɗannan kowa ya gani.

Duk da haka, wanda ya ce a ɗauko dokar Kenya a dasa a Keffi gobe da safe bai san kasuwa ba. Leda iri biyu ce, ko da yake sunansu ɗaya. Akwai ta ɗaukar kaya, akwai ta ƙulli. Ta ƙulli ita ce mudun talaka: da ita ake raba sukari da gishiri da garin sabulu da manja zuwa ɗan abin da mai Naira kaɗan zai iya saya na yau kawai. Wanda ya hana ta bai kawo madadinta ba ya hana mai ƙaramin ƙarfi cefane, ya kuma buɗe wa masu kama mutane a kasuwa wata sabuwar ƙofar na-goro. Ita kanta Ailan ba ta sa haraji a kan 'yar ledar da ake sa ɗanyen nama da kifi da kayan lambu ba, Legas ma ta ƙyale ledar fiya wata. A ganina, ta ɗaukar kaya ita ce ta fara, wurin farawa kuwa shi ne kanti, inda akwai rasit, akwai na'urar lissafi, masu shiga kuma ma'aikata ne da ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa waɗanda ba za su kwana da yunwa saboda kuɗin jaka ba.

Sai dai mai kanti ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba. Ran da ya ce a biya kuɗin leda, ran nan za a ce ya cika rowa a koma kantin da ke kusa da shi. Shi ya sa a wurare da yawa da abin ya yi aiki hukuma ce ta ɗora wa kowa a rana ɗaya, don kada wani ya ci kasuwar wani. Nan aiki ne na Majalisar Dokokin Jiha da ke Lafiya, ko kuwa Ƙaramar Hukumar Keffi ta zauna da masu kantuna da shugabannin kasuwa a tsai da magana guda.

Batun madadi kuwa ba sai an yi odarsa daga Turai ba. A cikin kasuwar nan tamu akwai teloli masu yanka buhun shinkafa da na fulawa da aka juye, su ɗinke bakinsa, su sa masa hannu biyu. Yana ɗaukar doya da kwanon masara ba ya yagewa, in ya yi datti a wanke a shanya, yakan yi watanni ana cefane da shi. Mata da yawa masu zuwa sari daga ƙauyukan da ke kewaye da Keffi da shi suke zuwa, wasu yaran masu tallar leda ma sukan haɗa da shi a ɗaya kafaɗar. Na sayi guda ran nan, na koma kantin da na fara ba da labarinsa, na miƙa wa yarinyar da ke karɓar kuɗi na ce ta zuba mini a ciki. Ta dube ni, ta dubi jakar, ta sa kayan a leda tukuna, sa'an nan ta saka ledar a cikin jakar.