Siffar Dodo Tsakanin Tatsuniya da Kwamfuta

A tatsuniyar Hausa ba a cika bayyana siffar Dodo filla-filla ba. Yaron da ke sauraron kakarsa da dare a Danja shi ne ke ƙera Dodon a zuciyarsa, gwargwadon tsoronsa. Mai shirya fim ɗin yara kuwa, tilas ya nuna shi ƙuru-ƙuru.

Yadda ake yi shi ne, a ɗauki ɗan wasa a gaban koren ƙyalle, kwamfuta ta shafe koren, ta sa daji ko kogo a gurbinsa. Shi kuma Dodo a sassaƙa shi da manhaja irin Blender, wadda ta zama kyauta tun 2002, a yi masa gaɓoɓi domin ya motsa. Kowace daƙiƙa tana cin hotuna 24, watau 1,440 a minti guda. Nauyin wannan aiki kan sa ƙaramin kamfani ya sayi siffar da aka riga aka ƙera a Turai ko Amurka.

To, siffar aro takan zo da al'adar masu ita, har yaro ya tashi bai san Dodon kakarsa ba sai da fuskar baƙo. Don haka ya wajaba masana adabin baka su shiga aikin tun daga zanen farko.