Mura ta warke, ƙuraje sun fito a ƙafa: Uwargida, ki lura

Uwargida, yaronki ya warke daga mura, bayan mako ɗaya ko biyu sai ga ƙuraje masu duhu a ƙafafu da mazaunai? Kada ki ce cizon sauro ne.

Garin yaƙar ƙwayar bairos, garkuwar jiki takan wuce gona da iri, ta kumbura ƙananan jijiyoyin jini har jini ya tsattsafo ƙarƙashin fata. Likitoci na kiran ciwon Henoch-Schönlein. Ya fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 10, yakan zo da ciwon gwiwa da murɗawar ciki.

Ki danna kofin gilashi a kan ƙurajen: irin waɗannan ba sa dushewa, idan kin shafa kuma za ki ji sun ɗan taso. Ki kai shi asibiti a ranar. In da zazzaɓi mai zafi, ki garzaya nan take, domin sanƙarau ma yakan fito da irinsu.

Yawanci ciwon yakan tafi cikin mako 4 zuwa 6. Abin tsoron shi ne ƙoda, wadda takan taɓu ba tare da alama ba. Don haka ki ci gaba da kai shi gwajin fitsari har wata 6, ko da ya koma wasansa.

Kin taɓa ganin haka a gidanki? Ki ba mu labari a ƙasa.